Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Sujada: Sharhi Kan Jinyar Karayar Gwiwa



Tun sa'ad da babur da keke mai ƙafa uku suka cika titunan garuruwanmu, har ya zama da wuya a sami unguwar da ba ta da wanda aka taɓa kwasa daga bakin kwalta zuwa asibiti, karayar gwiwa ta shiga cikin larurorin da kowa ya san labarinsu. Amma abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, yawancin mutane, da majinyacin da danginsa, suna ɗaukar ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, likita ya ce aiki ya yi kyau, ita ce ranar da wahala ta ƙare, sai a yi hamdala, a ba da sadaka, a shimfiɗa masa katifa a ɗaki, a ce ya kwanta abinsa har ƙashi ya kama. Alhali kuwa likitocin ƙashi da kansu su ne na farko da za su shaida maka cewa abin da suka yi cikin sa'a biyu ko uku rabin magani ne, sauran rabin yana cikin makonnin da ke biye, yana hannun mai ƙafar da likitan gashin ƙashi, kuma ba a kai gare shi sai an ratsa ta cikin zafi. A kan wannan rabi na biyu nake so mu yi magana yau.

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba, wanda Mahalicci ya dasa shi a cikin jijiyar babbar tsokar cinya domin ya ƙara mata ƙarfin miƙar da ƙafa. Ɗan ƙashin nan, duk da ƙanƙantarsa, idan mutum yana hawan bene nauyin da ke bi ta kansa yakan kai ninki uku na nauyin jiki, idan kuwa ya tsuguna har ƙasa yakan kai ninki bakwai. Karayar da ta fi kai mutane ga wuƙar likita iri biyu ce: ko dai ƙoƙon ya tsage gida biyu ko ya farfashe, kamar yadda yake faruwa ga wanda ya faɗi a kan gwiwarsa ko gaban mota ya doke ta, ko kuma saman ƙashin ƙwauri, inda ƙashin cinya ke zaune, ya tsage ko ya lotsa. Dukansu biyu sun yi tarayya a abu guda, wato tsagar ta ratsa har cikin gaɓar, ta taɓa guringuntsin nan mai santsi wanda ƙasusuwan ke zamewa a kansa.

Wannan shi ne sababin da ya sa hukuncin karayar gwiwa ya bambanta da na tsakiyar ƙwauri ko na dantse. Ba na cikin masu raina sana'ar ɗori, domin tsohuwar sana'a ce mai asali, har babban likitan nan na Ƙurɗuba, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya keɓe mata sashe guda a littafinsa na tiyata. Kuma maɗoranmu sun tsayar da mutane da yawa a kan ƙafafunsu a wuraren da asibiti bai kai ba. Sai dai hannu, kome gwanintarsa, ba ya ganin abin da ke cikin gaɓa, ga shi kuwa a can ciki bambancin da ya wuce milimita 2 tsakanin gefen tsaga da gefe, abin da bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, ya isa likita ya yi shawarar buɗewa ya daidaita, don kada gaɓar ta riƙa cin kanta shekara da shekaru. A 1877 ne Joseph Lister, a birnin Landan, ya buɗe gwiwar wani mutum ya ɗaure ƙoƙonta da wayar azurfa, a zamanin da buɗe gaɓa da gangan ake ganinsa ganganci ne saboda tsoron ruɓa, mutumin kuwa ya warke. A 1958 wasu likitoci a ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar da ake kira AO, suka shimfiɗa ƙa'idojin ɗaure karaya da ƙarfe da kusoshi waɗanda duniya ke bi har yau. Shekara guda bayan haka, a 1959, aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Abin da nake so mai sauraro ya riƙe daga wannan tarihi shi ne maƙasudin ƙarfen. Likitocin nan ba su kama aiki da shi don mutum ya daɗa kwanciya ba; sun ga yadda siminti na wata uku yake ba da ƙashin da ya haɗe a cikin ƙafar da ta sandare ta shanye, sai suka nemi hanyar da za a riƙe ƙashi daga ciki, a sakar wa gaɓa mara ta motsa tun da wuri. Dubi yadda ake ɗaure ƙoƙon gwiwa da ya tsage a kwance: a soka siraran ƙarafa biyu su ratsa gutsattsarin, sa'an nan a kewaya su da waya ta gaba a harɗe, da niyyar cewa duk sa'ad da aka lanƙwasa gwiwa, jan da tsoka ke yi, wanda da shi zai raba ƙashin, waya ta mayar da shi matsi da ke haɗa bakin tsagar. Ashe ke nan wanda aka sa wa wannan waya ya kwanta wata biyu bai motsa ba, bayan likita ya ba shi izini, ya biya kuɗin aiki ya bar fa'idarsa.

Me ke faruwa ga gwiwar da aka bari ba motsi? Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, abincinsa yana cikin ruwan gaɓa, kuma motsi ne ke tura ruwan ciki da waje. Wani likita a Kanada, Robert Salter, ya shafe shekarun 1970 yana nuna wannan da gwaje-gwaje a kan zomaye. Tsokar cinya kuma takan fara zubewa cikin 'yan kwanaki, har mutum ya ga cinyarsa ta rame ya firgita. Amma mafi muni shi ne tabon ciki. Jinin da ya taru a gaɓa, da naman da wuƙa ta ratsa, duk suna warkewa ne ta hanyar saƙa wani farin nama mai yauƙi, wanda ba ya bambanta abin da ya kamata ya haɗa da abin da ya kamata ya bari a sake, sai ya manne jijiya da ƙashi, ya manne ƙoƙo da abin da ke ƙarƙashinsa. Misalinsa misalin fatar da aka feɗe ne: tana ɗanya ka ja ta yadda ka so ta bi ka, in ka jefar da ita a rana ta bushe ta zama ƙirgi, sai dai ka karya ta. Wa'adin ɗanyantakar nan gajere ne, makonni 6 zuwa 12 na farko su ne mafi daraja. Wanda ya wuce su gwiwarsa a ƙage, wani lokaci sai an mayar da shi ɗakin tiyata, an sa shi barci an lanƙwasa ta, ko an sake shiga an yanke mannewar, kuma ko hakan ba kullum yake mayar da abin da aka rasa ba.

A nan akwai mas'alar da ta shafe mu fiye da mutanen da suka rubuta yawancin littattafan likitanci. Ana auna lanƙwasar gwiwa da digiri: miƙaƙƙiyar ƙafa sifiri ce, tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri tana bukatar wajen digiri 60, zama a kujera da hawan bene wajen 90 ko sama kaɗan, lafiyayyar gwiwa kuwa tana kai 135 zuwa sama. Baturen da ke cin abinci a tebur, yana kewayawa a zaune, yana kwana a gado mai tsawo, idan ya sami 110 sai a ce ya warke. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. Muna cin tuwo a tabarma, muna gaida manya a durƙushe, mata suna girki a gaban murhu, masai na tsuguno ne a yawancin gidaje, sa'an nan sau biyar a yini muna kai goshi ƙasa, mu zauna a kan ƙafa don tahiya, zaman da ke neman kusan digiri 150. Saboda haka abin da ya ishi wani bai ishe mu ba, kuma sakacin da wani zai yi ya tsira, mu idan muka yi shi sai ya bi mu har masallaci.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin na san abin da ke hana motsin ba mugunta ba ce, tausayi ne. Uwa ta ga ɗanta yana cije leɓe, gumi na keto masa, sai ta ce da mai taimaka masa, “Haba, ku ƙyale yaron nan ya huta, ƙashin bai ma kama ba.” 'Yan dubiya su zo su cika ɗaki, kowa da fatawarsa, a yi masa sannu, a yi addu'ar Allah ya sa kaffara ne, kafin a tashi a gargaɗe shi kada ya kuskura ya motsa ƙafar. Sa'an nan wata mai jinƙai ta ɗauko matashi ta cusa masa ƙarƙashin gwiwa, nan take kuwa ya ji sanyi a ransa, domin gwiwa mai kumburi ta fi son zama a ɗan tanƙware. To wannan matashin, wanda aka sa da kyakkyawar niyya, yana daga cikin manyan sabuban da ke hana ƙafa miƙewa sarai daga baya, mutum ya dawwama yana ɗingishi. Maido da miƙewa kuwa ya fi maido da lanƙwasa wuya. Idan za a ɗaga ƙafa, a sa matashin ƙarƙashin diddige da sharaɓa, a bar bayan gwiwa ya sauka da kansa.

Wanda ya taɓa leƙa ɗakin gashi a asibiti da safe ya san abin da zan siffanta. Ga dattijo a kwance a kan gadon gwaji, an naɗe masa wando zuwa cinya, tabon ɗinki ya ratsa gwiwar daga sama zuwa ƙasa, an sa naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin diddigensa. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta ɗora tafinta a kan cinyarsa ta ce, “Baba, danna bayan gwiwar zuwa gado.” Ya yunƙura har jijiyar wuyansa ta tashi, ƙafar ko gezau. Ya ce, “'Yar nan, ina dannawa, ƙafar ce ba ta ji.” Ta ce, “Tana ji, Baba, ga tsokar nan ta motsa a ƙarƙashin hannuna. A sake, a riƙe har in ƙirga goma.” Bayan haka ta rataya masa zani a tafin ƙafa, ta ba shi bakinsa biyu ya riƙe, ya riƙa jawo diddige zuwa gare shi a hankali, ita kuwa ta kara wani ma'auni na roba mai hannu biyu a gefen gwiwar tana karantawa: 45, 50, 52. Ta rubuta a kati. Makon jiya 40 ne. Abin da dattijon ya faɗa kuma gaskiya ne, ba ragwanci ba ne: kumburi da zafi a cikin gaɓa suna aika saƙo zuwa laka ta rage wa tsokar cinya umarni, har ruwan da bai fi cokali biyu na cin abinci ba ya isa ya fara raunana ta. Don haka rage kumburi da rage zafi suna cikin asalin aikin, domin sai da su tsoka ke farkawa.

To, yaya mutum zai san zafin da zai jure da wanda zai tsaya a kansa? Wannan ita ce tambayar da kowane majinyaci ya kamata ya yi wa likitansa tun ranar farko, domin rashin amsarta ne ke jefa mutane cikin ɗayan kuskure biyu, ko su guje wa motsi gaba ɗaya, ko su afka masa da ƙarfin tsiya. Zafin miƙewa sananne ne: ja ne da ɗaurewa, a gaban gwiwa ko bayanta, yana zuwa sa'ad da aka kai iyakar lanƙwasa, yana lafawa idan aka saki, kuma kafin gobe war haka ƙafa ta koma yadda take ko ta fi. Likitoci sukan ce ka auna zafinka daga sifiri zuwa 10. Abin da ya tsaya wajen 4 ko 5 a lokacin motsa ƙafa, ya kuma sauka bayan an gama, ba ɓarna yake nunawa ba. Amma idan aikin yau ya hana ka barci, gari ya waye gwiwa ta fi jiya kumburi da ɗumi, lanƙwasar ma ta ragu, to an yi israfi, sai a rage, ba a daina ba, a kuma gaya wa likitan gashi don ya gyara mizanin. Ya wajaba a kan likitan gashin shi ma ya saurara. Likitan da majinyaci ke kururuwa a hannunsa yana ci gaba da dannawa, yana cewa haka ake yi, ya saɓa wa ilmin sana'arsa, domin tsokar da ta tsorata ƙanƙamewa take yi, gaɓar da aka wulaƙanta kuwa kumbura take yi, kumburin ya koma tabo.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su, ba a jira ranar da aka rubuta a kati. Idan sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, ana tsoron jini ya daskare a jijiya, in kuwa aka ji ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya, to gudan jinin yana iya zama ya kai huhu, wannan kuwa sha'anin rai ne. Haka nan zazzaɓi tare da jan wurin ɗinki ko fitar ruwa ko mugunya. Haka jin ƙara a gwiwa farat ɗaya sa'an nan mutum ya kasa ɗaga ƙafar da jiya yake ɗagawa. Haka yatsu su yi sanyi ko su mutu, ko zafi mai ƙuna wanda ko taɓawar zani ba ya jurewa. Duk waɗannan asibiti ake nufa da su nan take.

Sai maganar magani, inda nake ganin tarbiyyarmu, duk da kyanta, takan cuce mu. An raine mu a kan dauriya, namiji ba ya raki, mace ta haihu ba a ji muryarta ba, har wasu suna ganin shan maganin zafi rauni ne na zuciya ko naƙasu ne a tawakkali. Haƙuri ibada ne, babu mai jayayya. Amma neman magani shi ma umarni ne, kuma mutumin da ya ƙi ƙwaya don a ce jarumi ne, sa'an nan zafi ya hana shi lanƙwasa ƙafa, ya sayi yabon mako biyu da gurguntar shekaru. Hikimar ita ce a daidaita shan maganin da lokacin aiki, a sha abin da likita ya rubuta kamar minti 30 zuwa 45 kafin a fara motsa ƙafa, domin ya riga zafin isa, kuma a kwanakin farko a sha shi a kan ƙa'idar lokaci, kada a jira sai ciwo ya kai maƙura. Farasitamol shi ne tushe, amma babba mai lafiya ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka. A kuma lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi, kada a tara ba a sani ba. Su ibufurofen da dikilofenak suna rage kumburi, sai dai suna iya huda ciki su taɓa ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu gyambon ciki da masu hawan jini, wasu likitocin ƙashi ma sukan taƙaita su don tsoron jinkirta haɗewar ƙashi. Haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis, ƙwayoyi biyar ko shida ba suna ba adadi, ba abin da majinyacin tiyata zai kai bakinsa ba ne.

Game da magunguna masu ƙarfi, irin tiramadol da allurar fentazosin, dole a yi magana da adalci, domin a nan ma tsoro iri biyu ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a ƙasar sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, daga cikinsu miliyan 4.6 irin waɗannan magungunan kashe zafi suka sha ba bisa umarnin likita ba. Hukumar NAFDAC tiramadol mai miligiram 50 da 100 ta amince da shi, amma abin da ke yawo a tasha da kasuwa yakan kai 200 ko 225, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya. Saurayin da ya karye a kan babur, yana kwance ba sana'a, ga zafi ga baƙin ciki, ga abokin da zai kawo masa a aljihu, yana cikin haɗari na haƙiƙa, iyaye su sa ido. Amma kada wannan tsoro ya sa a hana mutumin da aka huda wa ƙashi jiya abin da likita ya rubuta masa na 'yan kwanaki. Sharaɗin dai shi ne likita ya rubuta, wani babba a gida ya riƙe, a san ranar farawa a san ranar dainawa, kuma allura ta tsaya a asibiti, domin masu sabawa da fentazosin tsokarsu takan sandare ta yi gyambo, su ƙara wa kansu larura a kan larura.

Ba duk sauƙi ne ke cikin kwalba ba. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20 bayan an gama motsa ƙafa, tare da ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tsawo, tana yin abin da ƙwaya ba ta yi. Inda wuta ba ta samuwa, ledar ruwa mai ƙanƙara ta mai sayarwa a bakin titi ta wadatar, muddin ba a jiƙa ɗinki ba. Mu mun fi sabawa da ruwan zafi da tsumma da man zafi, har wasu in an kai su asibiti ba a haska musu fitila mai ɗumi ko an manna musu na'ura ba, sai su ce ba a yi musu kome ba. Ɗumi yana da wurinsa daga baya, don sassauta tsoka kafin miƙewa, amma a kan gwiwa mai sabon kumburi ƙara shi yake yi. Abin da na fi jin tsoro kuwa shi ne a gaji da jinkiri, a kirawo ƙarti biyu su danne majinyaci, na uku ya tanƙwara ƙafar da ƙarfi wai a karya tsamin. Wayar da ke ciki tana da iyaka, ƙashin da bai gama kamawa ba shi ma haka.

Ita zuciya ma tana da rabo a cikin ciwo. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa, akwai inda ake tace shi a cikin laka, ana ƙara shi ana rage shi, gwargwadon abin da fata ke ji da abin da ƙwaƙwalwa ke aikowa. Shi ya sa shafa gefen wuri ke kawo sauƙi, shi ya sa kuma tsoro da rashin barci da tunanin bashin asibiti suke ninka ciwon da da rana ana iya ɗauka. Majinyacin da aka zaunar aka nuna masa hoton ƙashinsa, aka ce ga ƙarfen, ga abin da zai iya ɗauka, ga abin da ba zai iya ba, ya fi wanda aka bari cikin zato sauƙin jinya nesa ba kusa ba. Sakin numfashi a hankali a lokacin lanƙwasa, maimakon riƙe shi, yana sassauta tsoka, kuma na ga masu ƙirga daƙiƙun riƙewa da istigfari, sun haɗa natsuwa da lissafi wuri guda.

Likitocin gashi kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane suke, kuɗin mota da na kati kuma ba kowa ke iya biya sau uku a mako ba. Saboda haka gaskiyar magana, ga yawancin mutanenmu, gashin da zai yi amfani shi ne wanda za a yi a gida, asibiti wurin koyo ne da awo. Gwiwa kuma ta fi son kaɗan-kaɗan sau da yawa bisa ga mai yawa sau ɗaya. Shawarata ita ce a ɗaura aikin a kan lokutan salla, kowace salla a bi ta da minti goma na abin da aka koyar, matse cinya, jawo diddige, kaɗa idon sawu sama da ƙasa don jini ya gudana, a kuma sa mutum guda a gida, ɗa ko ƙane ko mata, ya raka shi asibiti ya ga yadda ake yi da idonsa. Amma taka ƙafa hukuncinsa na likitan da ya yi aikin ne shi kaɗai. Mai karayar ƙoƙo sau da yawa akan bar shi ya taka da wuri, ƙafa a miƙe cikin abin ɗauri. Mai karayar saman ƙwauri kuwa yakan yi mako 6 zuwa 12 a kan sanduna bai ɗora nauyi ba, ko da yana lanƙwasawa. Kada wani ya ga maƙwabcinsa na gado ya taka ya ce shi ma lokaci ya yi.

Masu damuwa da salla, su kwantar da hankalinsu, shari'a ta riga su tunani. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san an jera halaye bakwai da ake yin farilla a kansu, daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya rigingine, mai uzuri ya yi a kan wanda ya iya; haka malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga wanda ruwa zai cutar. Saboda haka dattijon da ya matsa wa kansa ya durƙusa a mako na huɗu don kunyar a gan shi a kujera cikin sahu, ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba, yana kuma iya ɓalle aikin. Durƙuso da tsuguno su ne na ƙarshen dawowa, sau da yawa bayan watanni, kuma da izinin likita. Kafin nan a huda kujera a aza a kan masai, a ɗaga wurin kwanciya, mace kuma a ɗauke mata girki da wanki da ɗaukar ruwa da gaske, domin na san gidajen da ake tausaya wa maigida wata shida, uwargida kuwa mako uku ake ba ta a ce ta warke. In kunya ce ke hana ta zuwa gashi, a nema mata likita mace, akwai su.

Ƙashi yana bukatar abin gini: wake, ƙwai, nono, kifi, nama gwargwadon hali, da ɗan zama a hantsi. Taba sigari tana jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar rauni, sukarin da ba a kula da shi ba kuma yana buɗe wa ruɓa ƙofa.

Daga wata na huɗu zuwa shekara guda ci gaban yakan yi nawa, har mutum ya zaci ya tsaya. A nan ne da yawa suke yanke zuwa asibiti, alhali tsokar cinya ba ta kai ta ɗaya ƙafar ba, sai gwiwa ta riƙa sullewa a kan matakala. Ƙarfin tsokar nan shi ne kariyar gaɓar a sauran rayuwa, domin wanda tsaga ta ratsa guringuntsinsa ya fi sauran mutane kusa da ciwon gaɓa na tsufa, ko da aiki ya yi kyau. Wayar ƙoƙon gwiwa kuma, da yake a ƙarƙashin fata take, takan dami mutane da yawa wajen durƙuso, kuma bayan ƙashi ya haɗe sarai, galibi bayan shekara, ana iya cire ta da ƙaramin aiki. Wasu sai bayan nan suke samun zaman tahiya. Wanda aka ce ya dawo a sake ɗaukar hoto, ya koma ko da ba ya jin kome, ya tafi da tsofaffin hotunansa da katin da aka riƙa rubuta masa awo, ya kuma tambayi likita ƙarara ko lokacin cire ƙarfen ya yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.